Yadda Tsibirin Bermuda Ya Shahara da Ƙera Jiragen Ruwa, da Abin da Ya Kashe Sana'ar

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Zariya. A da ban san Bermuda da komai ba sai labarin nan na yankin teku da ake cewa jirage suna ɓacewa a cikinsa. Kwanan baya ina shirya darasi a kan cinikin Tekun Atilantika, sai na ci karo da bayanin cewa a ƙarni na 18 jiragen ruwan da ake ƙerawa a tsibirin suna cikin waɗanda suka fi sauri da daraja, har sojojin ruwan Ingila suna saye. Da na duba taswira kuwa sai na ga wurin ɗan ɗigo ne a tsakiyar ruwa. Ta yaya wurin da ba shi da ƙarfe, ba shi da kogi, ba shi da babban daji ya yi suna a wannan sana'a? Su wane ne suke yin aikin? Kuma me ya sa yanzu ba a jin ɗuriyarsu?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya saka da alheri, ya kuma ƙara wa ɗalibanka basira. Batun ɓacewar jirage mu ajiye shi gefe guda, domin yawancinsa ƙarin gishiri ne na marubutan mujallu na ƙarni na 20, kuma ba shi da dangantaka da abin da ka tambaya.

Abin da ka gani a taswira haka yake. Bermuda tarin ƙananan tsibirai ne da suka jeru kamar ƙugiyar kamun kifi, faɗinsu gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 54 ba, kuma ƙasa mafi kusa da su, wato gaɓar Carolina ta Arewa a Amurka, tana nesa da kimanin kilomita 1,000. Babu kogi ko ɗaya, shi ya sa har gobe ruwan sama da rufin ɗaki ya tara mutane suke sha. Duwatsun murjani sun kewaye tsibirin a ƙarƙashin ruwa, musamman ta arewa da yamma, kuma tun kafin kowa ya zauna a wurin sun riga sun cinye jiragen Sifaniyawa da na Fotugal da dama. Amsar da aka saba bayarwa ga tambayarka ita ce wani itace da Allah ya hore wa tsibirin, itacen sida. Amsa ce ta gaskiya, amma ba ta cika ba, domin itacen yana nan tsaye mutane suka yi fiye da shekara 70 a wurin ba tare da sana'ar ta kafu ba. A ganina abin da ya kafa ta shi ne haɗuwar itacen da wasu abubuwa uku: rushewar kamfanin da ya ɗaure wa mutanen tsibirin hannu, irin iskar da ke kaɗawa a wurin, da kuma gumin bayi waɗanda suka ƙware a sassaƙa da tuƙi.

Abin sha'awa shi ne tarihin zaman mutane a Bermuda da ƙirar jirgi ya soma. A watan Yulin 1609 wani babban jirgin Ingila mai suna Sea Venture, wanda ke kai mutane da abinci sabon mazaunin Turawa na Jamestown a Virginia, ya haɗu da mahaukaciyar guguwa. Ruwa ya yi ta shiga jirgin ana kwarfewa dare da rana, har jagoran ayarin, Sir George Somers, ya ga ƙasa ya sa aka cusa jirgin tsakanin duwatsu da gangan don kada ya nutse. Mutum kusan 150 ne a ciki, kuma dukansu sun fita da rai. Sun zauna kusan wata goma a tsibirin da babu kowa, suna cin kifi da tsuntsaye da kunkurun ruwa da aladun da suka tarar sun zama na daji, kuma a cikin wannan zama suka ƙera jirage biyu. Babban, Deliverance, wani kafintan jirgi mai suna Richard Frobisher ne ya jagoranci aikinsa, ya haɗa katakon da aka ceto daga fasasshen jirgin da itacen tsibirin. Ƙaramin, Patience, da sida aka yi shi, kuma an ruwaito cewa ƙusar ƙarfe ɗaya tak ce a jikinsa, sauran duk turakun itace ne. Da yake ba su da isasshen kwalta, sai suka ƙona bawon dodon koɗi da farin dutse suka sami farar ƙasa, suka kwaɓa ta da man kunkuru suka shafe tsagogin. A watan Mayun 1610 jiragen biyu suka isa Jamestown, suka tarar da yunwa ta kusa ƙarar da mutanen garin, saura kimanin 60. Daga baya wannan Patience mai ƙusa ɗaya ta ƙetare Atilantika har Ingila ɗauke da gawar Somers, wanda ya koma Bermuda neman abinci ajali ya cim masa a can. Tun daga ranar farko ke nan aka san abin da itacen zai iya.

Duk da haka, waɗanda aka aiko su zauna daga 1612 ba don jirgi aka aiko su ba. A 1615 tsibirin ya shiga hannun wani kamfani na attajiran Landan, Kamfanin Tsibiran Somers, wanda burinsa taba ce: a noma ta, a zuba ta a jirgin kamfani, a kai Landan, kamfani ya ci riba a saye ya ci a sayarwa. An sare daji don yin gonaki, an yi akwatunan taba da sida, har ta kai tun a shekarun 1620 aka fara kafa dokokin hana ɓarnar itacen. Ƙananan kwale-kwale kam ana yin su, domin ba hanyoyin kirki a tudu, duk wanda zai je wani yanki na tsibirin ta ruwa zai bi. A 1619 wani masassaƙin jirgi ɗan ƙasar Holan, Jacob Jacobsen, ya tsira daga haɗarin jirgi a wurin, Gwamna Nathaniel Butler ya ɗauke shi aikin yin kwale-kwale, kuma masana da yawa suna danganta asalin salon filafilan Bermuda da shi. Amma babban jirgin da zai iya fita teku kamfanin ba ya son ganinsa, saboda duk manomin da ya mallaki jirgi zai kai tabarsa inda ya ga dama. A 1663 kamfanin ya hana ƙera jirgin da ya wuce tan 5. Ita kuwa tabar Bermuda ba ta iya karawa da ta Virginia, ba a yawa ba, ba a kyau ba, ƙasar noma kuma ta gaji. Rikici tsakanin mazauna da kamfani ya kai gaban kotu a Landan, aka soke lasisin kamfanin a 1684, tsibirin ya koma ƙarƙashin sarautar Ingila kai tsaye. Kafin ƙarni ya juya, mutanen da kakanninsu manoma ne sun juya wa gona baya sun fuskanci teku.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya a kan itacen. Turawa suna kiransa sida, amma a ilimin tsirrai ɗan gidan junifa ne, kuma a Bermuda kaɗai yake fitowa da kansa. Jan katako ne mai ƙamshi, mai maiƙo a jiki, kuma wannan maiƙon ne sirrinsa. Babban abokin gabar jirgin katako a ruwan ɗumi wata halitta ce mai kama da tsutsa wadda take huda katako ta ci cikinsa ta bar bayansa lafiya lau, kamar dai yadda gara take yi wa azara a ɗakin soro, sai ranar da abu ya rufta a gane. Itacen ok da Turawan Ingila suke alfahari da shi bai daɗewa a ruwan Karibiyan kafin wannan halitta da ruɓa su gama da shi, alhali sida tana jurewa shekaru masu yawa fiye da haka. Ga ta da rashin nauyi, abin da ke ƙara wa jirgi sauri da yawan kayan da zai ɗauka. Sannan akwai wata fa'ida wadda mai kuɗi ya fi kowa gane darajarta: ok sai an sare shi an jingine shi shekaru ya bushe kafin a yi aiki da shi, amma sida ba ta cika ƙanƙancewa ko murɗewa ba, don haka ana iya sare ta a shiga aiki da ita tana ɗanya. Jarin mutum ba ya kwanciya a rumbun katako.

Aibinta shi ne ba ta yin tsawo sosai, iskar teku tana tanƙwara ta. Lanƙwasassun rassan suna da amfani wajen yin haƙarƙarin jirgi da gwiwoyin da ke riƙe daɓensa, domin itacen da ya lanƙwashe da kansa ya fi wanda aka yanko da zarto ƙarfi, amma ba za a sami dogayen falankai na katafaren jirgi ba. Itacen da kansa ne ya yanke wa maƙeran hukuncin yin ƙananan jirage da matsakaita. Jigon da ake ɗaura filafilai kuwa, da ƙarfe da igiya da kwalta da zanen filafilan kansa, duk daga waje ake shigo da su, akasari daga Arewacin Amurka da Ingila da kasuwannin Holan na Karibiyan. Wato rashin ƙarfen da ka ambata gaskiya ne, amma jirgin da aka ƙera shi ne yake zuwa ya sayo ƙarfen wanda za a ƙera bayansa.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne yadda mutanen suka mayar da daji gona. Da taba ta faɗi, sai suka bar sida ta sake rufe gonakin, wasu ma suka shuka ta da hannu, suna kirga itatuwansu kamar yadda makiyayi yake kirga shanunsa. Filin da ke da sida ya fi wanda aka share tsada, ana ambaton itatuwa a wasiyya, ana barin su gado, domin itacen da aka shuka ranar sunan yaro sai yaron ya zama magidanci kafin ya isa shiga jirgi. Sakamakon haka tsibirin ya daina ciyar da kansa, yawancin hatsi da nama sai an kawo daga Amurka. Caca ce babba, kuma za ka ga inda ta kai su.

Sai batun iska da siffar jirgin. Manyan jiragen Turai na wancan zamani filafilansu masu kusurwa huɗu ne, a gicciye suke, kuma sun fi aiki idan iska tana turowa daga baya. Bermuda kuwa a miƙe take daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, iskar da ta fi yawa kuma daga kudu maso yamma take zuwa, don haka wanda ya tashi daga tsohon babban gari St. George's zai nufi yammacin tsibirin, iska a fuska za ta riƙa dukansa, ga duwatsu dama da hagu ba wurin yin dogon zagaye. Maganin da suka samo shi ne filafili mai kusurwa uku wanda aka ɗaura a bayan jigo, a tsaye bisa tsawon jirgin. Irin wannan ba turawa kawai iska take yi masa ba. Idan ta ratsa ta gefensa yana kumbura ya yi aiki kamar fiffiken tsuntsu, yana jan jirgin, shi kuma ƙashin bayan jirgin da ya nutse cikin ruwa yana hana shi zamewa gefe, sai ƙarfin ya koma gaba. Jirgi ba ya iya shiga cikin idon iska kai tsaye, amma yana iya tafiya a karkace, ya yi kwana, ya sake karkacewa ta ɗaya ɓangaren, kamar mai hawan tudu da kaya a ka, har ya isa inda iskar take fitowa.

Wannan dabara da aka koya a ƙananan kwale-kwale ita aka kai kan jirgin teku da ake kira sulup na Bermuda, wanda ya ɗauki wani abu daga irin sulup ɗin da ake yi a Jamaika kafin nan. Jigo ɗaya ne dogo da ya jingina baya, da wani dogon sanda da ya miƙe daga goshin jirgin don ɗaura ƙarin filafilai, ga ƙasan jirgin mai kaifi yana yanka ruwa. Ya kamata in gyara wani kuskure da ake yawan yi: yawancin sulup na ƙarni na 18 babban filafilinsu yana da sanda a sama, kusurwa huɗu ne duk da cewa bisa tsawon jirgi yake, shi kuwa mai kusurwa uku zalla a ƙananan jirage ya fi yawa, sai a ƙarni na 19 ya yaɗu zuwa manya. Sunan waɗannan jirage ya kai har Suwidin, inda shahararren mai zanen jiragen nan Fredrik af Chapman ya sa zanen sulup na Bermuda cikin littafinsa na 1768. Aibinsu shi ne filafilan sun yi wa jikin yawa, suna buƙatar ƙwararrun hannaye, kuma matuƙin da bai san halinsu ba yana iya kifar da su a guguwa.

Me ake ɗauka a cikinsu, alhali tsibirin ba ya fitar da komai? Gishiri ne ginshiƙin. Tun wajen 1678 mutanen Bermuda suke zuwa tsibiran Turks, fiye da kilomita 1,300 kudu da su, inda rana take ƙafar da ruwan teku a tafkuna marasa zurfi. A sauke ma'aikata su yi watanni suna tara gishiri, jirgi ya wuce yawon ciniki ko tsintar kayan jiragen da suka fashe, ya dawo ya kwashi gishirin ya kai garuruwan gaɓar Amurka inda ake buƙatarsa don adana kifi da nama, ya komo gida da masara da garin alkama da katako. Ɗalibanka za su gane wannan da sauri idan ka tuna musu da ayarin raƙuman da ke ɗauko gishirin Bilma su musanya shi da gero. Bayan gishiri akwai dako tsakanin tsibirai, akwai fasa-ƙwauri zuwa tsibirin St. Eustatius na Holan, wanda kasuwa ce da ba a cika tambayar takarda ba, akwai kuma farautar jiragen abokan gaba da izinin gwamnati a lokacin yaƙi. Jirgin kansa ma haja ne. Sau da yawa a kan yi amfani da shi 'yan shekaru sannan a sayar wa Faransawa ko mutanen Holan da riba, a koma gida a ɗora wani. 'Yan fashin teku ma suna son sa, saboda dalili ɗaya da 'yan fasa-ƙwauri: yana kama wanda ya bi, yana tsere wa wanda ya biyo shi.

Tambayarka ta biyu ita ce wadda littattafan da suka gabata suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ba wata babbar masana'anta ba ce mai katanga da ƙofa. A bakin ruwa ake aikin, a gaban gidajen iyalai, a wurare irin su Shelly Bay da Flatts da Salt Kettle da Crow Lane, 'yan uwa da surukai su haɗa jari, wannan ya kawo itace, wancan ya kawo ƙarfe, kowa ya sami kaso a jirgin. Mu a Hausa masassaƙa za mu kira su, tunda gizago da zarto ne kayan aikinsu. Kuma kaso mai yawa na waɗannan masassaƙa, da masu tsaga katako, da masu toshe tsagogi, da maƙeran ƙusa, bayi ne baƙar fata, waɗanda aka fara kawo kakanninsu tsibirin tun 1616, akasari ta hanyar Karibiyan. Da noman taba ya mutu iyayengijinsu ba su sayar da su ba, sai suka koya musu sana'a suna karɓe ladan. Wannan ne ya sa jirgin Bermuda yake da arha wajen ƙira da arha wajen tuƙi, domin mai jirgin da rabin ma'aikatansa mallakarsa ne ba ya biyan abin da abokin gasarsa na Boston yake biya. Mary Prince, baiwar da aka haifa a Bermuda wadda aka buga labarin rayuwarta a Landan a 1831, ta ce mahaifinta mai tsaga katako ne, bawan wani maƙerin jirgi a Crow Lane, ita kuma an kai ta tafkunan gishirin Turks, inda ta bayyana yadda tsayuwa cikin ruwan gishiri tun asuba take cin ƙafafun mutane har ta yi musu gyambo. A iyali ɗaya ke nan ka ga duka ƙarshen sana'ar biyu.

Akwai wani labari da ake yawan kawowa. A 1782 sojojin ruwan Amurka suka kama wani jirgin farauta na Bermuda mai suna Regulator, suka tarar 70 daga cikin ma'aikatansa 75 bayi ne. A Boston aka yi musu tayin 'yanci, suka zaɓi a ɗauke su fursunonin yaƙi a mayar da su. Wasu marubuta sun riƙe wannan hujjar cewa bautar Bermuda mai sauƙi ce. Ni ban karanta shi haka ba. Mutanen nan matansu da 'ya'yansu da iyayensu suna tsibirin a hannun masu su, kuma bawan da ke tuƙi yana da ɗan kason da yake samu da ɗan cinikin da yake yi a gefe. Iyalin da aka bari a gida su ne igiyar da ta ɗaure shi, kuma masu jiragen sun san da haka sarai lokacin da suke tura shi tashoshin da zai iya gudu.

Cacar da na ambata ta dogara da abincin waje ta bayyana a yaƙin 'yancin Amurka. Da 'yan tawayen suka hana sayar wa yankunan Ingila abinci, yunwa ta fuskanci Bermuda, har a watan Agustan 1775 wasu manyan tsibirin suka haɗa baki aka sace gangunan albarushi kimanin 100 daga ma'ajiyar gwamnati a St. George's aka miƙa wa Amurkawa, su kuma suka ɗage musu takunkumin. Bayan yaƙin, Ingila da ta rasa tashoshinta na gaɓar Amurka ta waiwayi tsibirin da idon soja. Daga 1795 rundunar ruwanta ta fara ba da kwangilar jiragen sida, ta kuma sayi waɗanda aka riga aka ƙera, domin tana buƙatar masu sauri da za su kai saƙo su kuma kori jiragen farauta na Faransa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Pickle, wanda aka ƙera a Bermuda a 1799. Yana wurin yaƙin Trafalgar, inda jiragen Ingila suka ci na Faransa da Sifaniya, ranar 21 ga Oktoban 1805, ya yi ƙanƙanta da shiga faɗan, amma shi aka ba wasiƙar nasara da ta mutuwar Nelson, kwamandan jiragen Ingila, ya ratsa guguwa ya isa Falmouth a Ingila ranar 4 ga Nuwamba.

Wannan shi ne ƙololuwar sunan, amma a lokacin ƙasa ta riga ta fara zaizayewa a ƙarƙashin sana'ar. Amurkawa, musamman na yankin Chesapeake da Baltimore, sun koyi siffar jirgin, suna da dazuzzukan da ba su da iyaka, suna ƙera irinsa da girma da arha. Kasuwar Amurka da ta kasance ta 'yan gida ɗaya ta zama ta ƙasar waje mai haraji da dokoki. A 1799 Ingila ta sa tsibiran Turks ƙarƙashin Bahamas, cinikin gishiri ya fara suɓuce wa Bermuda. Yawan ƙira a shekarun yaƙi ya cinye manyan itatuwa fiye da yadda suke girma. Babbar tashar gyaran jiragen soja da aka fara ginawa a tsibirin Ireland na Bermuda daga 1809, da gumin bayi da farko sannan da na fursunonin da aka kawo daga Birtaniya har zuwa 1863, ta janye ma'aikata da albashin gwamnati, kuma ita aikinta gyara ne, ba ƙira ba. Ranar 1 ga Agustan 1834 aka 'yanta bayi, arhar da aka gina a kan aikin da ba a biya ta tafi. Sannan ga tururi da ƙarfe. Da ciniki ya koma hannun manyan jirage masu cin gawayi, saurin tafiya cikin iska ya daina zama abin da ake biya, girma ya zama abin nema, kuma girma shi ne abu ɗaya da gajeren itace a ƙaramin tsibiri ba zai iya bayarwa ba. A zamanin Gwamna William Reid, daga 1839, aka koma ƙarfafa noma, tsibirin ya shiga fitar da albasa da dankali zuwa New York, daga baya kuma baƙi masu yawon buɗe ido suka zama abin dogaro.

An ƙera wasu kyawawan manyan jirage a shekarun 1850 da 1860, amma ƙarshen zamani ne. Ɗaya daga cikinsu, Cedrine, ya ɗauko fursunonin da suka gama wa'adinsu zai mayar da su Ingila a 1862, ya fashe a gaɓar tsibirin Wight na kudancin Ingila, kuma an yi amfani da katakonsa a rufin cocin ƙauyen Mottistone, inda yake har yanzu. Itacen kansa ya sake rufe tuddai bayan an daina sararsa, sai a shekarun 1940 wasu ƙananan ƙwari masu maƙalewa a ganye suka shigo tare da tsirran ado da aka kawo daga Amurka, cikin kimanin shekara goma suka kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na sidar tsibirin. Ana sake shuka irin da ya jure, amma yau katakonta abin yin akwatin ado ne da ƙofar gidan mai hali.

Game da cewa ba a jin ɗuriyarsu, akwai abin da za ka iya nuna wa ɗalibanka. Duk hoton jirgin shaƙatawa ko na tsere da suka gani mai dogon filafili fari mai kusurwa uku a bayan jigo, salon Bermuda ne, kuma da wannan sunan ake kiransa a duniya. A tsibirin har yanzu ana tseren wasu ƙananan kwale-kwale masu tsawon ƙafa 14 da filafilai da suka fi ƙarfin jikinsu, al'adar da ta faro tun shekarun 1880. A St. George's an taɓa gina kwaikwayon Deliverance don baƙi su riƙa shiga, tsohuwar tashar sojan ruwa kuma ta zama gidan tarihin ƙasa da wurin tsayawar jiragen yawon buɗe ido. A 2006 wata gidauniya ta ƙaddamar da jirgi mai jigo uku, Spirit of Bermuda, wanda aka zana bisa siffar jiragen sojan ƙarni na 19 don koya wa matasan tsibirin tuƙi. A garin Rockport na jihar Maine ta Amurka aka ƙera shi, sannan aka tuƙo shi zuwa Bermuda.